Rasuwar Akwashar Uwar Gedu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, fushi kuma ya zo ya hau kansa ya zauna, iyalan marigayi Saw Tapo na ƙauyen Tiwaklo, a tsaunukan Mae Hong Son, ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk matan da ke saƙa a wannan kwari rasuwar akwashar gidansu, wadda aka fi sani da Baƙa. Ta rasu tana da shekara arba'in da 'yan kai a bakin aiki. Ba tsufa ne ya kashe ta ba, ba gara ba, ba kuma gobara ba. Gata ne ya kashe ta, kuma wanda ya yi mata gatan yana nan da ransa da lafiyarsa, yana dafa wa baƙi gahawa a ƙasan tudu.

Tunda an wayi gari akwai 'ya'yan masaƙa da ke buƙatar a tuna musu, akwasha ita ce dogon katakon nan mai siffar takobi, wanda mace ke zurawa tsakanin zaren tsaye ta buɗe hanya, ta wuce da zaren kwance, sannan ta jawo shi ta buga zaren ya zauna. Idan babu ita babu saƙa, sai dai tarin zare da mace a zaune tana kallonsa. Uwargijiyar marigayiya ita ce Naw Mule, matar Tapo, wadda kowa ke kira Uwar Gedu, kamar yadda muke kiran kowace mace da sunan ɗanta na fari. A kwanakin nan ta nemi a daina, a koma kiranta da sunan da uwarta ta raɗa mata. An gwada, baki ya ƙi, don haka ta ci gaba da amsa sunan wanda ya yi mata wannan aika-aika.

An haifi marigayiya a shekarar da aka yi auren Naw Mule da Tapo. Tapo ba mai magana ba ne. Samarin zamaninsa kan tsaya ƙarƙashin gidajen 'yan mata, da yake a nan kan ginshiƙai ake ɗora gida, su yi ta rera waƙa har murya ta dishe, shi kuwa in ya buɗe baki karnuka ne ke amsawa. Abin da ya iya shi ne itace. Guguwa ta kayar da wata tsohuwar bishiya a kan rafi, ya je ya tsaga ta har cikin zuciyarta, inda itacen yake da nauyi kamar ƙarfe, ya sassaƙo wannan akwasha daidai faɗin cinyar amaryarsa da ɗan ƙari. Ya ajiye mata a bakin tsani bai ce komai ba. Ita ma ta ɗauka ba ta ce komai ba. An daɗe a gidan nan ana zaman lafiya da irin wannan hira.

Kada wani ya ɗauka da kyanta aka haife ta. Ja ce ta zo duniya, da kaushi da taurin kai. Shekarunta na fari ta tsinka zaren da ba ya ƙirguwa, ta sa amarya kuka ba sau ɗaya ba, har an taɓa jin Naw Mule tana rantsuwa za ta cusa ta a murhu ta dafa shinkafa da ita. Laifin kuwa ba na akwashar ba ne ita kaɗai. Tumakin gidan Tapo ba irin na hoton kalanda ba ne. Jikokin 'yan tsirarun nan ne da aka koro ta kan duwatsu a zamanin kakanninmu, waɗanda suka ƙi mutuwa lokacin da matsattsaku da ruɓar kofato suka gama da sauran. Gajeru ne, masu kalar toka da ƙasa-ƙasa, da fuska irin ta wanda aka tasa daga barci, kuma in ka bar wannan tudu ba za ka sake ganin irinsu ba. Ulunsu gajere ne mai maiƙo, mai son manne wa ɗan uwansa. In aka ja shi a masaƙa sai zare ya rungumi zare ya ƙi saki, kuma akwashar auduga ba ta da nauyin da za ta raba faɗan.

Baƙa kuwa tana da nauyin, santsi ne ba ta da shi, shi ma ta same shi a hankali. Maiƙon ulu ya riƙa shiga jikinta shekara bayan shekara, da gumin tafin hannun Uwar Gedu, da hayaƙin murhu, har ta yi baƙi wuluk, ta yi sulɓin da in ka ɗora ta a cinya ba ka riƙe ba sai ka tsince ta a ƙasa. Ba wanda ya taɓa shafa mata komai. Inda babban yatsan Uwar Gedu ke zama har ɗan kwarmi ya yi, na dama ya fi na hagu zurfi.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri, mai kamun kai, ba ta yawon gidaje, ba a kuma aronta. Magana biyu ta sani a duniya. In ta shiga zare sai ta ce shuu. In ta buga sai ta ce dum, dum, na farko a hankali, na biyu da ƙarfi. Mai wucewa ta hanyar rafi da wannan yake sanin yadda Uwar Gedu ta tashi. In dum ɗin ya yi sauri, Tapo ya yi laifi, gara ka wuce ba sallama. In ya yi nisa da juna, tana cikin tunani, kana iya hawa a ba ka shayi. Da Tapo ya rasu aka daina jin muryar, shiru ya yi tsawo har matan ƙauye suka fara kallon juna a bakin famfo. Ranar da aka sake jin dum, dum daga ƙarƙashin gidan, kowa ta san Uwar Gedu ta yanke shawarar ci gaba da rayuwa.

Bargunan da ta buga su ne suka rufe duk jaririn da aka haifa a wannan dangi, su ne aka naɗe Tapo a ciki, su ne kuma suka kai Gedu makaranta a Chiang Mai. Ba ta taɓa neman hutu ba. Ba ta taɓa dukan kowa ba, ko Gedu da yake yaro, kuma mutane da yawa yanzu suna ganin a nan aka yi kuskure.

Ta rasu ta bar ɗamarar fatar ɓauna da ke riƙe masaƙa a ƙugun mai saƙa, abokiyar aikinta, wadda ke rataye a ginshiƙi ba ta san abin da za ta yi da kanta ba. Ta bar mazari biyu, da keken kaɗi mai fama da tari, da buhunan ulun bara da aka wanke aka taje aka kaɗa ba su san an yi rashi ba. Ta bar garken tumaki ƙarƙashin jagorancin tsohon rago mai ƙaho ɗaya. Ta bar bargo a masaƙa wanda bai kai rabi ba. Ta bar Uwar Gedu, wadda hannuwanta har yanzu suke miƙewa da safe su ɗauki abin da babu. Ta kuma bar Gedu, wanda sai da iyali suka yi doguwar muhawara kafin su yarda a sa sunansa a nan.

Ciwon ajalinta da damina ya fara. Kowa a nan ya san in ruwa ya sauka ana naɗe masaƙa, mata su tafi dashen shinkafa, kayan saƙa kuma a ɗora su a ragar gora da ke bisa murhu, hayaƙi ya tsare su daga ƙwari da danshi har a yi girbi. Can ake ajiye irin shuka, can ake ajiye duk abin da ake so a samu da rai baɗi. Abin da ke ragar murhu barci yake yi, kuma duk ɗan da aka haifa a gaban murhu ya san haka. To amma Gedu ya yi shekaru a Chiang Mai yana aiki a otal. Ya dawo gida da injin gahawa, ya gina shago a ƙasan makiyayar tumaki inda motocin baƙi ke tsayawa, ya kuma dawo da wani sabon ido, wanda in ya kalli abu mai baƙin hayaƙi ba ya ganin kayan aiki, tarihi yake gani.

A faɗi gaskiya ko a zaman makoki: Gedu ba mugu ba ne. Shi ya sake wa gidan rufi, shi ke goya uwarsa a babur zuwa asibiti in gwiwarta ta tashi. Yana son uwarsa. Irin son nan ne da ba ya tambaya.

Wata rana Uwar Gedu tana gona, ruwa har gwiwa, ya hau gidan ya sauko da Baƙa daga raga, ya naɗe ta a buhu, ya kai ta gari wurin wani kafinta mai yin kayan tsaraba. Ba za mu ambaci sunan kafintan ba, ba don ya cancanci a rufa masa asiri ba. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce itacen mai kyau ne, dauɗa ce kawai ta yi masa yawa. Ya sa samfefa ya goge shekara arba'in kafin la'asar. Ya goge baƙin, ya goge sulɓin, ya bi kwarmin yatsun ya daidaita su don kada a ce aikinsa bai yi kyau ba. Ya sassaƙa mata furanni daga wannan kai zuwa wancan, masu zurfi, masu kaifin baki, a tsakiya ya rubuta sunan Naw Mule. Ya huda ta wuri biyu don igiya. Ya shafe ta da man ƙyalli irin na kujerun falo. Duk wannan an yi shi marigayiya tana da ranta.

Ranar iyaye mata coci ta cika, ko'ina ƙanshin furen yasmin. 'Ya'ya suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, su durƙusa gaban iyayensu su miƙa fure. Gedu ya zo da wani dogon abu a naɗe cikin takarda mai walƙiya, ya durƙusa, idonsa ya kawo ruwa.

"Inna, kin wahala a kanmu," ya ce. "Daga yau ki huta. Wannan a shago za mu rataye ta, duk wanda ya zo ya san hannun da ya raine mu."

Ta kwance takardar. Da farko ba ta gane abin ba, sai da nauyinsa ya zauna mata a cinya. Mutane suka yi tafi, wasu mata suka share hawaye, wata ta zunguri ɗanta ta ce ya gani ya koya. Al'ada ta ce uwa ta ɗora hannu a kan ɗanta ta sa masa albarka, ta kuwa ɗora. Waɗanda ke kusa sun ce hannun ya daɗe a wurin, kuma yatsun sun shiga gashi fiye da yadda albarka ke buƙata.

Naw Sipo, ƙanwar Tapo, tana zaune kusa da ita. Ta leƙo, ta karanta rubutun, ta karkato baki.

"Uwar Gedu, ashe kin mutu ba a gaya mana ba? Allon kabarin dai ya yi kyau."

"Rufe min baki, Sipo, a coci muke."

"Ai shi ya sa na faɗa a hankali."

Damina ta ƙare Uwar Gedu ba ta ce uffan ba. Baƙa tana rataye bisa injin gahawa, ja, tana ƙyalli, baƙi suna tsayawa ƙarƙashinta suna ɗaukar hoto da kofi a hannu. Uwar Gedu ta canja hanyar zuwa gona don kada ta bi ta gaban shagon, duk da sabuwar hanyar ta fi hawa kuma gwiwar ba ta so. Da sata aka yi mata, da ta san inda za ta kai ƙara. Da ɓarnar ganganci ce, da ta zage shi tas ta huce. Amma yaya mutum zai yi da wanda ya durƙusa gaban jama'a ya miƙo masa gawar abinsa yana hawayen ƙauna? Ta haɗiye, abin ya ƙi wucewa, ya tsaya mata a ƙirji. Abinci ya daina yi mata daɗi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne duk inda ta shiga sai an ce mata ta yi sa'ar ɗa.

Da aka gama girbi, sanyi ya sauko, aka fara jin akwasoshin maƙwabta, sai ta sauka shagon da hantsi, baƙi cike. Ta ja benci, ta hau, ta kwance igiyar.

"Inna, ina za ki kai ta?" in ji Gedu.

"Wurin aikinta."

"Ai na sayo miki sabuwa, mara nauyi, saboda bayanki. Ba ki gan ta a ɗaki ba?"

"Na gan ta. Da ita nake juya abincin aladu."

Ta ɗaura masaƙa a ginshiƙin da ta saba, ta ja zaren da ta kaɗa daga ulun tunkiya mai kalar toka, wanda ta fi ji da shi. Ta zauna, ta zagaya ɗamara a ƙugu, ta miƙe ƙafa, ta zura Baƙa. Maimakon shuu sai aka ji ƙiii. Man ƙyallin ya kama ulun ya riƙe, bakin furannin ya shiga tsakanin gashi ya maƙale. Ta ja baya a hankali, ta sake turawa, tana lallashi.

"Haba Baƙa, ni ce fa."

Da ta jawo za ta buga, babu dum. Sai tas, tas, tas, zaren tsaye yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

Ba za a ce ba a yi jinya ba. Uwar Gedu ta kankare man ƙyallin da fasasshiyar kwalba har yatsunta suka yi jini. Ta zauna a rana tana murza mata ɗanyen ulu mai maiƙo, tana cusa shi a ramukan furannin. Ta mayar da ita ragar murhu ko hayaƙi zai tuna da ita. Amma sassaƙar ta yi zurfi, in za a shafe ta sai an cinye rabin itacen, kuma akwashar da ba nauyi cokali ce. Sipo ta karya dokar kanta ta rashin ba da aro, ta kawo tata akwashar ta auduga, saƙar ta fito sako-sako kamar ragar kamun kifi. A gwaji na ƙarshe Uwar Gedu ta ɗaura zaren da ya tsinke, ta zura Baƙa, ta buga da ƙarfin da ta saba. Tsaga ta tashi daga ramin igiya na dama, ta bi ta tsakiyar sunan Naw Mule, ta fita ta ramin hagu. Sautinta na ƙarshe ƙas ne, ba mai ƙarfi ba. A nan rai ya yi halinsa.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da an rufe ta a asirce ba tare da wannan sanarwa ba. To sanyi ya fara janyewa, lokacin askin tumaki ya matso, sai ga Gedu ya hau tudu da yamma, ya zauna a matakalar tsani yana murza hularsa.

"Inna, dama kan askin bana nake so mu yi magana."

"Ina ji."

"Baƙi sun fi son su da gashi. In aka aske su awaki suke komawa, ba mai ɗaukar hoto da su. Na ce ko mu bari sai bayan bikin watsa ruwa. Tunda ma yanzu ba saƙar..."

Ya ci gaba da murza hular.

"Ƙarasa," ta ce.

"Ba haka nake nufi ba."

"Ƙarasa mana, bakinka ne. Tunda ba saƙar nake yi ba. Wa ya hana ni?"

"Inna, Allah ya sani don in girmama ki na yi."

"Ka tambaye ni? Gonar shinkafa na tafi, ba lahira ba. Kira ɗaya za ka yi daga bakin tudu in ji ka."

"Da na tambaya ai ba zai zama abin mamaki ba."

"To na yi mamaki. Har yanzu ina cikin yi." Ta ajiye faifan da ke hannunta. "Kai yaron nan, bayan bikin watsa ruwa ka ce? A tsakiyar zafi, da wannan gashin a jikinsu? Ka taɓa cire tsutsa daga gindin tunkiya, kana ƙarami, kana yi kana kuka. Ka manta ne, ko shi ma ka kai an goge maka?"

"Akwai magani yanzu, Inna, ana fesawa."

"Akwai. Komai akwai maganinsa yanzu. Jiya akwasha ce a bango, yau tumaki ne za su tsaya a yi musu hoto. Gobe ni za ka sa wa rigar biki ka zaunar a bakin shago da masaƙar ƙarya, in riƙa murmushi ana ɗauka."

Gedu kuwa ya riga ya yi wannan tunanin, har ya sayi kujerar.

Abin da ke cin Uwar Gedu ke nan, kuma iyali suna so a rubuta shi ƙarara. Ba itace kawai take kuka ba. In aka bar aski bana saboda hoto, baɗi za a ce tumakin nan munana ne, a kawo farare masu kumbura daga ƙasa. In farare suka zo, wannan iri ya tafi, kuma babu inda za a je a samo shi. Gidan da ya yi shekara arba'in yana fitar da bargo zai koma wurin da ake nuna cewa an taɓa yin bargo, da ita a zaune a ciki da ranta.

Washegari Sipo ta zo wurin Uwar Gedu, ta zauna bayan sabon rumbu inda fasto ba zai hango hayaƙin lofenta ba.

Ta ce, "To yanzu sai yaya? Daji dai an rufe. Ko reshen irin itacen nan kika ɗauko, ma'aikatan gandun daji sai sun kwana a gidanki."

"Na sani."

"Amma yayana bai ƙarar da bishiyar nan a kan akwasha ba. Rabin ya yi falanki da shi, ya shimfiɗa a ƙofar tsohon rumbu. Ni na taya shi ɗauka, kafaɗata ta yi wata tana ciwo."

"Rumbun ai an rushe shi."

"An rushe. Ke da ba kya bi ta gaban shago, ba ki ga kan me ɗanki yake jera kofuna ba."

Uwar Gedu ta juya ta kalli ƙasan tudu, inda shagon yake.

"Kada ki yi saurin murna," in ji Sipo. "Sabuwa ja za ta zo, da kaushi, ta ci miki zare ta sa ki zagi. Ke da gwiwarki ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa, shekara nawa suka rage miki da za ki jira ta yi baƙi?"

"Ban sani ba," in ji Uwar Gedu. "Ko nawa ne, ba a bango zan yi su ba."

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza. Za a yi ta ranar Asabar mai zuwa da hantsi, daidai lokacin da motocin baƙi ke isowa, kuma ba kuskure ba ne. Za a rufe marigayiya a ƙarƙashin gida, gindin ginshiƙin da ta yi wa aiki, a naɗe cikin bargon da bai ƙarasu ba. Gedu ne zai haƙa ramin. Fasto ya ce a duk karatunsa bai ga addu'ar da ake yi wa katako ba, amma da bargon da ta buga yake kwana, don haka zai zo ya tsaya ya cire hula, zai kuma taho da almakashinsa.

Da an mayar da ƙasa za a sauka makiyaya, gaban shago, a aske tumakin gidan Tapo kaf, daga tsohon rago har tunkiyar ƙarshe. Baƙon da ke son hoto ya ɗauka, ba mai hana shi, abin da ake yi da tumaki ke nan. Za a ba masu makoki faten shinkafa da tsiron gora, da barkono mai yawa. Ba za a ba da gahawa ba, domin ba za a sami inda za a ajiye kofi ba.

An riga an sanar da mai shagon. Uwar Gedu da kanta ta sauka jiya da zarton Tapo, ta ture kofuna gefe, ta ajiye shi a kan kantar shagon.

"Ranar Asabar in ka gama haƙa, ka yanko min tsawon hannuna biyu daga nan. Ubanka ya koya maka sassaƙa, ina kallo."

Gedu ya dubi zarton, ya shafa falankin da tafin hannunsa.

"Inna, kantar nan fa ita ce shagon. Kowa ita yake fara yabawa. In aka yanka ta ba za ta sake komawa yadda take ba."

"Na sani," ta ce. "Akwai zafi. In ka gama kuka ka yanka daga gefen da ba ƙulli."

Har zuwa lokacin fitar da wannan sanarwa bai ce e ba, bai ce a'a ba. Iyali suna tabbatar wa jama'a cewa in bai yanka ba uwarsa za ta yanka, kuma ita ba ta iya yanka a miƙe ba.

Allah ya jiƙan Baƙa gwargwadon yadda ake jiƙan itace. Ana roƙon masu ta'aziyya su zo da almakashinsu a wase, su kuma bar "a yi haƙuri" a gida. Uwar Gedu ta ce kada wanda ya taɓa mata fushin nan tukuna, tana da aikin da za ta yi da shi: sabon itace sai da ƙarfi yake buguwa.